Ranar da Kogin Shikago Ke Komawa Kore

 

Yau za mu yi tafiya mai nisa, zuwa birnin Shikago na ƙasar Amurka. Biki za mu je kallo. Bikin na mutanen ƙasar Ayilan ne, amma a Shikago za mu kalle shi, kuma da iyali za mu je, har da yara ƙanana. Ana kiran bikin Ranar Waliyyi Patrick. Ranar 17 ga watan Maris ake yin sa kowace shekara. Ku riƙe wannan rana, 17 ga Maris.

Ga yadda shirin zai kasance. Da farko za mu ji ko wane ne Patrick. Sai mu ji abin da ya fitar da mutanen Ayilan daga gida har suka cika Amurka. Daga nan mu gangara bakin kogi. A ƙarshe mu duba abin da magidanci ya kamata ya sani kafin ya shiga wannan taro da matarsa da 'ya'yansa.

Wani zai ce, ni da ban taɓa wuce Kano ba, ina ruwana da Shikago? Ka dai saurara, ɗan'uwa. Muna da 'yan'uwa da 'ya'ya da ke karatu da aiki a can, kuma wannan biki yana riskarsu a ƙofar gida. Bayan haka, labarin da ke ƙarƙashin bikin labarin yunwa ne da ƙaura da kewar gida. Wannan kuwa babu wanda bai san shi ba.

To, kashi na farko. Wane ne Patrick?

Abin mamaki, shi kansa ba a Ayilan aka haife shi ba. A Birtaniya aka haife shi, zamanin da Rumawa ke mulkinta, fiye da shekara 1,500 da suka wuce. Yana ɗan shekara 16 mahara suka zo ta teku suka kama shi. Suka ƙetara da shi tsibirin Ayilan, suka sayar da shi bawa. Shekara shida yana kiwon dabbobi a cikin sanyi da ruwan sama. Shi da kansa ya rubuta labarinsa, kuma rubutun yana nan har yau. A ciki ya bayyana cewa a wurin kiwon nan ne ya koma ga Allah da yawan addu'a.

Bayan shekara shida ya gudu. Ya yi doguwar tafiya a ƙafa har ya samu jirgin ruwa, ya koma wurin danginsa. Ku saurari abin da ya biyo baya. Da ya girma ya zama limamin addinin Kirista, sai ya koma ƙasar da aka bautar da shi. Da ƙafarsa ya koma, babu wanda ya tilasta masa. Can ya ƙare rayuwarsa yana wa'azi. Al'adar mutanen Ayilan ta riƙe cewa ranar 17 ga Maris ya rasu, shi ya sa suke tunawa da shi a wannan rana.

Akwai wata 'yar ciyawa mai ganye uku da ake kira shamrok. Za ku gan ta a riguna, a huluna, har a kumatun yara an zana ta. Labarin gargajiya ya ce da ita Patrick ya riƙa yi wa mutane misali a wa'azinsa. Daga baya ta zama tambarin ƙasar gaba ɗaya. Shi kuwa launin kore, launin tsibirin ne. Ruwan sama ba ya yankewa a can, saboda haka ciyawa ba ta bushewa.

Kafin mu wuce, ga wata alaƙa da mu. Limaman Katolika 'yan Ayilan sun yi aiki sosai a Najeriya. Sun buɗe makarantu da asibitoci, har da yankunan Jos da Kaduna. A shekarar 1961 Cocin Katolika a Najeriya ya ɗauki Patrick a matsayin waliyyin ƙasar. Saboda haka idan ka ga makaranta ko coci mai sunan Patrick a garinku, ga inda sunan ya samo asali.

Kashi na biyu ke nan. Me ya kai su Amurka?

Yunwa ce ta kai su. A shekarar 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa a Ayilan, irin dankalin nan da ake nomawa a Filato. Talakan Ayilan a lokacin kusan da dankali kaɗai yake rayuwa. Manomi ya je gona ya tona, sai ya tarar dankalin ya yi baƙi, ya ruɓe, yana wari. Bana haka, baɗi haka. Har zuwa wajen 1852 ana cikin wannan masifa.

Mutanen tsibirin sun haura miliyan 8 kafin yunwar. Kimanin miliyan 1 suka mutu. Fiye da miliyan 1 suka tsere a jiragen ruwa. Ku sake ji, miliyan 1 a kabari, fiye da miliyan 1 a kan teku. Abin da ya fi ƙona musu rai shi ne, a lokacin Birtaniya ke mulkinsu, kuma ba a daina lodin hatsi da dabbobi daga tsibirin ana fita da su ba. Mutane na mutuwa, abinci na fita. Har yau ba su manta ba.

Taimako ya zo musu daga inda ba su zata ba. A 1847 Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Abdulmajid, ya aika da fam 1,000. A wannan shekarar kuma ƙabilar Choctaw, 'yan asalin Amurka, waɗanda su ma ba a daɗe da korarsu daga ƙasarsu ba, suka yi karo-karo suka aika da ɗan abin da ke hannunsu.

Waɗanda suka isa Amurka ba a tarbe su da murna ba. An raina su saboda talauci, an ƙyamace su saboda su Katolika ne. Aikin ƙarfi suka samu: haƙa, dako, wanki, aikatau a gidajen masu kuɗi. A Shikago, tun kafin yunwar ma, 'yan Ayilan na cikin leburorin da suka haƙa babbar hanyar ruwa wadda ta haɗa tafkin Michigan da kogin Illinois. An fara aikin a 1836, aka gama a 1848. Da diga da shebur aka yi shi.

To, mutumin da aka raina, yana buƙatar rana ɗaya da zai fito ya ɗaga kai. Ranar Patrick ta zama wannan rana. Su saka tufafinsu mafi kyau, su je coci, su jeru a titi da kiɗansu da tutarsu. Kamar dai yadda Bahaushen zangon Kumasi ke fitowa ranar Sallah da babbar rigarsa, ko da kakansa ne ya baro Katsina. Faretin ma a ƙasar baƙunci ya girma. Na birnin New York ya samo asali tun 1762. A Ayilan kanta, sai 1903 ranar ta zama hutun gwamnati. A yau Amurkawa fiye da miliyan 30 ke cewa suna da jinin Ayilan, alhali duk mutanen da ke zaune a tsibirin kimanin miliyan 7 ne.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tashar, muna magana ne a kan bikin Ranar Patrick a birnin Shikago. Mun shiga kashi na uku. Mu gangara bakin kogi.

Kogin Shikago ya ratsa tsakiyar birnin, dogayen benaye hagu da dama. Tun shekarar 1962, duk lokacin wannan biki, ana rine ruwansa ya koma kore shar. Galibi ranar Asabar ake yi, wadda ta zo gab da 17 ga wata, da misalin ƙarfe goma na safe. A lura da kyau, ranar Asabar. Wanda ya sayi tikitin jirgi don ranar 17 kawai, mai yiwuwa ya tarar an riga an tashi.

Su wa ke wannan rini? Masu aikin famfo ne, wato ƙungiyar ƙwadagon masu haɗa bututun ruwa ta birnin. Asalin abin ma daga aikinsu ya fito. A wancan lokaci ana neman gidaje da masana'antun da ke sako ƙazanta cikin kogi a ɓoye. Sai su zuba wani rini a bututun gini, su je bakin kogi su jira. Inda kore ya ɓullo, an kama mai laifi. Shugaban ƙungiyar, Stephen Bailey, ya ga yadda rinin nan ya ɓata kayan aikin wani ma'aikaci, ya mai da su kore, sai dabara ta zo masa. Magajin garin lokacin, Richard Daley, shi ma jinin Ayilan ne. Ya amince.

A shekarar farko sun zuba rini kusan kilo 45, kogin ya yi kamar mako guda yana kore. Daga baya aka rage, aka kuma canza zuwa wani rini da suka ce daga tsirrai ake yin sa. Yanzu abin da ake zubawa kimanin kilo 18 ne. Yadda ake haɗa shi sirri ne, ƙungiyar ba ta faɗa.

Ga abin da yara za su fi so. Garin rinin ruwan lemo ne. Jirgin ruwa zai taho yana zuba shi, wani na biye yana dama ruwan da injinsa. Kana kallo, ruwan lemon nan zai juye ya koma kore. Cikin ƙasa da awa ɗaya kogi ya canza kama, jama'a na ta sowa daga bakin kogi.

Ku ɗauka ga wani iyali tsaye a kan gada. Auta na kan wuyan mahaifinta. Ta ce, Baba, wa ya zuba miyar kuka a ruwa? Yayanta ya ce, ke dai ba ki san komai ba, fenti ne. A nan ne uba zai samu ƙofa. Ya ce, ba fenti ba ne, rini ne, kuma masu gyaran famfo ne suka zuba. Ya ba su labarin yaron da aka sace yana ɗan shekara 16. Ya ba su labarin dankalin da ya ruɓe, da mutanen da suka hau teku da yunwa. Iyaye, wannan shi ne abin da na fi so ku ɗauka daga shirin yau. Kada yaro ya dawo gida da hoton kogi kawai. Ku ba shi labarin. Yaron da shi ma yake girma nesa da garin kakanninsa zai gane wannan labari fiye da yadda kuke zato.

Akwai masu adawa da rinin, kuma maganarsu abin saurare ce. Masu rajin kare muhalli a birnin sun daɗe suna cewa an sha wahala kafin kifi ya dawo kogin nan, bai kamata a koya wa jama'a cewa kogi wurin zuba abu ba ne, ko da abin ba guba ba ne. Ni ina ganin suna da hujja. Yaro mai wayo zai iya tambayar haka da kansa. Idan ya tambaya, a gaya masa gaskiya cewa mutanen garin ma suna gardama a kai.

Gadar titin Michigan da ke kan kogin, ana kiranta gadar DuSable. Sunan Jean Baptiste Point du Sable ne, baƙar fata ɗan kasuwa, wanda ake ɗauka shi ne baƙon farko da ya kafa gida a bakin wannan kogi, fiye da shekara 200 da suka wuce. Wannan ma a gaya wa yara.

Bayan rini sai fareti, da tsakar rana, a titin Columbus. Za ku ga makaɗa da wata irin algaita mai jakar iska a hammata. Za ku ga 'yan mata 'yan makarantar rawa, hannuwa a miƙe a gefe, ƙafafu kaɗai ke aiki da sauri. Ga 'yan kwana-kwana, ga 'yan sanda, ga 'yan siyasa na ɗaga hannu.

Yanzu kashi na huɗu, kuma a nan zan ɗan daɗe. Maganar giya.

Ba zan ɓoye muku ba. A tsakiyar Shikago ranar nan ana shan giya sosai. Tun da safe wasu mashaya ke buɗewa. Har giyar ma ana rina ta kore. Idan rana ta karkata, za ka ga matasa na tangaɗi, wasu na amai a gefen titi, jiragen ƙasa cike da hayaniya. Ba wurin yaro ba ne a wannan lokaci.

Amma kada a ɗauka haka bikin yake tun asali. A Ayilan kanta, shekaru da dama a ƙarnin da ya wuce, doka ce ta rufe mashaya a ranar Patrick. Ranar coci ce da zaman gida. Su kansu 'yan Ayilan da yawa suna jin haushin yadda aka mai da ranarsu ranar maye.

Ga misali daga Shikago ɗin. A kudancin birnin akwai wani fareti na unguwa, a titin Western, wanda ake yi ranar Lahadi. A 1979 aka fara shi, da 'yan yaran unguwa kawai suna zagaya layi. Ya girma har mashaya daga ko'ina suka mamaye shi. Bayan na 2009, masu shirya shi suka ce sun fasa. Shekara biyu ba a yi ba. Da aka dawo da shi a 2012, sai da sharaɗin babu shan giya a hanyar faretin. Mutanen unguwa ne suka ƙwato bikinsu saboda 'ya'yansu. Ni wannan ya burge ni, kuma mai iyali zai fi samun natsuwa a can.

Saboda haka shawarata ita ce, ku yi sammako, ku dawo da wuri. Ku isa bakin kogi tun wajen ƙarfe tara don ku samu wurin tsayuwa. Ku kalli rini. Idan yara na da sauran ƙarfi, ku ɗan taɓa kallon fareti. Kafin la'asar ku bar tsakiyar gari. Zan maimaita, sammako, da dawowa da wuri.

Ina za a kai yara da yamma? Kusa da wurin faretin akwai gidan tarihi na Field, inda aka ajiye ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar zamanin da, wadda suke kira Sue. Maƙwabcinsa gidan kifaye ne na Shedd. Duka biyun a ƙarƙashin rufi suke, akwai ɗumi, akwai bayan gida. Wanda kuma yake son ya ga al'adar Ayilan cikin natsuwa, akwai cibiyar al'adun 'yan Ayilan a arewa maso yammacin birnin, inda ake kiɗa da rawa da wasannin yara a ƙarƙashin rufi.

Sai sanyi. Kada hasken rana ya ruɗe ku. Watan Maris a Shikago ma'aunin zafi kan sauko kusa da sifiri, wani lokaci har da dusar ƙanƙara. Ga iska mai yanka fuska daga tafkin Michigan. Uwargida, a jera wa yara kaya hawa-hawa, da safar hannu, da hular da ke rufe kunne. Tsayuwar awa biyu a bakin kogi ba wasa ba ce.

Sai cunkoso. Ana rufe tituna, kuma wurin ajiye mota tsada gare shi. Ku shiga jirgin ƙasa na cikin gari. A rubuta lambar wayar uba a takarda, a saka a aljihun kowane yaro. A nuna musu 'yan sanda, a ce idan ka ɓace, ga wanda za ka nufa. Ku tuna, kusan kowa kore ya saka. Idan yaronka ma kore ne daga sama har ƙasa, gano shi a cikin taro zai yi wuya. Ka sa masa hula mai wani launi daban.

Sai abinci. Abincin ranar a Amurka shi ne naman shanu da aka jiƙa a ruwan gishiri, da kabeji da dankali. A Ayilan da naman alade ake yin wannan girki. Baƙin da suka zo New York ne suka koma naman shanu, wanda suke saye a wurin mahauta Yahudawa maƙwabtansu, don ya fi araha. Duk da haka Musulmi ya tambaya kafin ya ci. Ya tambayi yankan naman. Ya kuma tambaya ko an sa giya a girkin, domin wasu na dafa farfesunsu da baƙar giya, wasu ma har a cikin kek. Tambaya ba abin kunya ba ce, ma'aikatan sun saba da ita. Wanda yake son ya ci hankali kwance, ya nufi titin Devon a arewacin birnin. Gidajen abincin halal na 'yan Pakistan da Indiya a jere suke.

Wurin sallah ma akwai. A titin State, cikin tsakiyar gari, akwai masallaci, tafiyar ƙafa ce daga wurin faretin. 'Yan'uwanmu Kirista kuwa, tsohon cocin Patrick yana titin Adams. An gama gina shi a 1856, kuma yana cikin 'yan gine-ginen da suka tsira daga babbar gobarar da ta cinye birnin a 1871.

Wata tambaya da na san tana ran wasu ita ce, shin ya dace Musulmi ya je? Asalin ranar na addinin Kirista ne, wannan gaskiya ne. Abin da ake yi a bakin kogi da kan titi kuwa taron gari ne, babu ibada a ciki, kuma mabiya addinai iri-iri ke tsaye suna kallo. Kowane magidanci ya auna, ya tambayi malaminsa idan zuciyarsa ba ta kwanta ba. A kuma duba kalanda. A shekarun 2024 da 2025 ranar ta faɗo cikin watan azumi. Mai azumi, ga sanyi, ga yaro a wuya, ya san iyakar ƙarfinsa.

Magana ta ƙarshe, kuɗin masauki. Otal-otal na bakin kogi kan cika, farashinsu kan tashi a wannan ƙarshen mako. A kama ɗaki tun da watanni, ko a sauka a unguwar da ke kan layin jirgin ƙasa, a shigo da safe. Kallon rinin da faretin daga kan titi kyauta ne, ba a biyan ko sisi.